Gidan da Ba Ya Wuce Mako Biyu a Unguwa Ɗaya

A Landan akwai dubban mutanen da gidansu ba ya wuce mako biyu a unguwa ɗaya. Cikinsu har da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da kafintoci da ɗalibai, da tsofaffin da suka ajiye aiki. Gidan nasu jirgin ruwa ne na ƙarfe, dogo siriri, ɗaure da igiya a gefen hanyoyin ruwan da aka haƙa da diga da shebur shekaru ɗari biyu da suka wuce. Ranar da jirgi ya cika kwana 14 a inda yake, doka ta ce mai shi ya kwance igiya ya ƙara gaba, ko ana tsuga ruwan sama, ko gobe yana da aikin asuba.

Ɗan yayata ne ya jawo ni cikin wannan sha'ani. Yana aiki a wani asibiti a birnin, kuɗin hayar ɗaki guda kuma ya hana shi sakat. Wata Juma'a bayan mun idar da salla a babban masallacin da ke gefen Regent's Park, sai ya ce, "Kawu, zo mu sauka nan in nuna maka inda nake shawarar komawa." Muka gangara ƙasan titi, ƙarar motoci ta yanke, sai ga mu a bakin wani koren ruwa kwance, ba ya gudu, bishiyoyi sun yi masa rumfa.

Regent's Canal ke nan. An buɗe shi a 1820, tsawonsa bai cika mil 9 ba. Ya taso daga Little Venice a yamma, ya ratsa arewacin birnin, ya haɗu da kogin Thames a Limehouse. Ɗan yanki ne kawai daga hanyoyin ruwa masu tsawon kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, waɗanda ke hannun Canal & River Trust, gidauniyar da ta gaji hukumar gwamnati ta British Waterways a 2012. Mai haƙuri zai iya tuƙa jirgi daga Landan har Birmingham ta Grand Union Canal, mil 137, ya bi ta ƙofofin ruwa 166, kuma ba a yarda ya wuce gudun mil 4 cikin awa ba. Mai tafiya da ƙafa in ya ɗan ɗaga sawu sai ya wuce shi.

Ba mu yi nisa ba muka iso wata gada mai ginshiƙan ƙarfe, Macclesfield Bridge. Yaron ya ce in shafa ginshiƙin. Na shafa, na ji tsagogi masu zurfi, sumul, kamar an goge su da gangan. Igiya ce ta ci ƙarfen. Turbar da muke takawa ta dawakai ce, su ne suke jan jiragen kwal da katako da hatsi, jiƙaƙƙiyar igiya mai yashi tana gogar ginshiƙin shekara da shekaru. A 1874 wani jirgi ɗauke da albarushi ya fashe a ƙarƙashin gadar ya ruguza ta. Da aka tashi sake ginawa sai aka mayar da ginshiƙan amma aka juya su, shi ya sa tsagogin suke gaba da baya.

Kwal ne ya haifi waɗannan hanyoyi. Ta Bridgewater, wadda injiniya James Brindley ya yi wa aiki aka buɗe a 1761, ita ta kai kwal daga Worsley zuwa Manchesta, farashinsa ya faɗi da kusan rabi, daga nan kowane mai kuɗi ya so a haƙa tasa. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako, sai matuƙa jiragen ruwa suka kasa biyan hayar gida a tudu. Suka kwaso mata da 'ya'ya suka cusa su a ɗan ɗakin da ke bayan jirgi, wanda tsawonsa bai wuce ƙafa goma ba, matar ta riƙe akalar jirgi, yaro ya kora doki. Abin ya yi muni har wani mai suna George Smith na Coalville ya dage sai da majalisa ta yi doka a 1877 a kan rajistar jiragen da yawan mutanen da za su kwana ciki. Daga baya manyan motoci suka kwashe sauran dakon, sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa na makonni ya ƙarasa abin da ya rage. Da ba don wasu masu sha'awa sun kafa Inland Waterways Association a 1946 suna ta kai gwauro da mari ba, da an cike yawancin hanyoyin da ƙasa.

Yanzu ne karo na biyu da kuɗin haya ya koro mutane kan ruwan nan. A 'yan shekarun da suka biyo bayan 2010, jiragen da ke Landan sun kusa ninkawa biyu, suka haura 4,000. Ba kuma son kallon agwagi ne ya kawo yawancinsu ba.

Mun wuce bayan gidan namun daji, muka kutsa cikin cunkoson Camden inda 'yan yawon buɗe ido suka jeru a kan gada suna ɗaukar hoton duk jirgin da ya shiga ƙofar ruwa. Daga King's Cross zuwa gabas ne idona ya buɗe. Jirage ne hanci da wutsiya, wasu biyu-biyu, ɗaya jingine da ɗaya, ta yadda mai na waje sai ya taka ta kan na maƙwabcinsa kafin ya sauka. Wani sabo fil da fenti da furanni, na kusa da shi tsatsa ta ci rabinsa an lulluɓe da tamfol. A kan rufin kowanne akwai farantin sola, da buhunan kwal, da itace, da keke, wani har da tukwanen tumatir. Kowanne kuma da lambarsa a jiki, a inda mai wucewa zai gani. Wannan lamba ita ce asalin maganar.

Lasisin jirgi yana da sharuɗa uku: inshora, da takardar shaidar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara huɗu, sannan wurin ɗaurewa. A na ukun ne jama'a suka rabu gida biyu. Akwai mai maɗauri na dindindin, wanda ya kama haya a wata tashar jirage ko wani yanki na gaɓa, ya zauna abinsa. A Landan irin wannan wuri, in har an yarda a zauna ciki a matsayin gida, yana da wuyar samu, kuɗinsa kuma yakan kai fam 10,000 a shekara ko fiye, ga harajin ƙaramar hukuma. Wanda ya gudo daga haya ba zai faɗa wannan ba. Sai ya zaɓi ɗaya hanyar, wadda dokar British Waterways ta 1995 ta buɗe a sashe na 17: mutum zai iya samun lasisi ba tare da maɗauri ba, muddin zai yi amfani da jirgin don tafiya ta haƙiƙa, kuma ba zai zauna wuri ɗaya fiye da kwana 14 ba sai da uzuri mai ma'ana. Hukumar wancan lokaci ta so ne a wajabta wa kowa maɗauri, masu jirage suka yi ca, majalisa ta bar wannan kafa.

A fiƙihun da muka karanta a zaure, matafiyin da ya yi niyyar kwana huɗu a gari ya daina ƙasaru, ya zama mazauni. Dokar Ingila ta fi haka sassauci, ta ba shi sha huɗu. Sai dai malamanmu sun yanke nisan tafiyar da ake ƙasaru a cikinta, mil 48, ita kuwa dokar 1995 ba ta ce ko taku nawa ba. Ba ta kuma fayyace iyakar wuri ɗaya ba. In na matsa daga wannan gada zuwa waccan, na sauya wuri ko ban sauya ba? A kan wannan giɓi ake ta ja-in-ja tun daga wancan lokaci. A 2011 wata kotu a Bristol ta yanke cewa mutumin da yake kai da komo cikin tazarar mil goma a Kennet and Avon Canal, don ya zauna kusa da wurin aikinsa, bai cika sharaɗin tafiya ba. Gidauniyar kuma ta fitar da nata bayanin: daga wuri na farko a tafi na biyu, daga nan na uku, ba a yi ta safa da marwa tsakanin biyu ba, kuma a shekara ana sa ran tazarar da jirgi ya ratsa ta kai kimanin mil 20 ko fiye. Tana da ma'aikata masu bin gaɓa a ƙafa ko a keke suna shigar da lambar kowane jirgi da inda aka gan shi. Wanda tafiyarsa ta gaza, sai a ba shi lasisin wata shida maimakon shekara. In bai gyara ba a hana shi, jirgi marar lasisi kuwa doka ta ba da ikon a cire shi daga ruwa, ko da yake in gidan mutum ne sai an bi ta kotu.

Wata abokiyar aikin ɗan yayata, Baturiya ma'aikaciyar jinya, ta yi shekaru a jirgi, ita ce ma ta sa masa wannan tunani. Ta ce mu zo ran Lahadi, ranar tashinta ce, hannu da yawa kuma ba ya ɓaci a ƙofar ruwa. Muka same ta kusa da Victoria Park. Faɗin jirgin bai cika ƙafa bakwai ba, domin tsofaffin ƙofofin ruwan tsakiyar Ingila iyakarsu ke nan. In na miƙa hannuwa biyu, saura kaɗan in taɓa bango da bango. Tsawonsa ƙafa 57, wanda ta ce shi ne awon da ke shiga kusan ko'ina a ƙasar. Komai a jere yake, sai ka ratsa wannan ka isa wancan: wurin zama da ƙaramin murhun ƙarfe, kicin, makewayi, gado. Tsaf-tsaf, da ɗumi, da ƙamshin hayaƙin itace. Na fahimci abin da ya ruɗi yaron.

Sai ta shiga nuna masa abin da hoto ba ya nunawa. Ruwan sha yana cikin tanki a hancin jirgi, in ya ƙare sai an tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa famfon bakin gaɓa, a bi layi, a jira tiyo ya cika shi. Bayan gida akwati ne na roba mai murfi da ake zarowa daga ƙasa. Ta zaro shi ta miƙa masa ta ce ya ɗaga ya ji. Ya ɗaga, fuskarsa ta sauya. Shi za a ɗauka a kai wurin zubarwa da aka tanada, a buɗe da wani makulli da kowane mai jirgi yake rataye da shi. Wuta daga batir take, da bazara sola ta wadatar, da hunturu kuwa rana ba ta da ƙarfi, sai an tayar da inji, shi ma an hana tayar da shi a tsaye daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Kwal da tukunyar gas da man dizal, akwai jiragen 'yan kasuwa da ke yawo da su, ka aika saƙo a waya su ajiye maka a kan rufi. Duk shekara biyu ko uku a fito da jirgin tudu a shafe cikinsa da baƙin fenti don tsatsa. Da azahar ta yi na nemi ruwan alwala, ban san sanda na shiga tattalinsa ba. Alƙibla kuwa, yaron ya ce, sai dai a riƙa duba waya duk sanda aka sauya maɗauri.

Muka kwance igiyoyi, ta tura hancin jirgin da ƙafa, muka karkata cikin Hertford Union Canal, gajeruwar hanya mai ɗan fiye da mil ɗaya da ke bin gefen lambun Victoria Park ta sauka kogin Lee. Ƙofofin ruwa uku ne a kanta. Kowace ɗaki ce ta bulo mai ƙyamare gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe na baya, a ɗauki wani lanƙwasasshen ƙarfe a sa a bakin wani haƙori a yi ta murzawa, ƙaf-ƙaf-ƙaf, har wata 'yar taga ta buɗe a ƙarƙashin ruwa. Ruwan ya fara zurarewa, jirgin yana nitsewa a hankali tsakanin bangaye masu gansakuka, har kan matuƙiyar ya koma daidai da takalmana. Sai ruwan ciki da na waje sun daidaita ƙyauren yake motsi. Kafin nan ko ƙato goma ba su iya buɗe shi. Ni na fara turawa da hannu, ta ɗaga murya daga ƙasa ta ce in juya in jingina bayana da gungumen in tura da ƙafafu, ga bulo nan an jera a ƙasa don dunduniya. Na yi haka, ƙyauren ya tafi salin-alin.

Neman wurin ɗaurewa shi ne ya fi komai cin rai. Ran Lahadi kowa yake tashi, kowa kuma idonsa na kan gurbin da wani ya bari. Ba a ɗaurewa a bakin ƙofar ruwa, ko wurin famfo, ko inda jirage ke juyawa, ko ƙarƙashin gada. Wasu wuraren allo ya ce kwana bakwai, wasu awa 48, wasu sai an yi rajista a intanet an biya. A yawancin gaɓar Regent's Canal ba a kafa turke, domin manyan wayoyin lantarki na binne ƙarƙashin turbar, sai inda aka dasa zobe. A Lee akwai ciyawa, ana iya kafawa. Mun wuce Hackney Wick muna leƙe, gurbin da muka hango ya gaza jirgin da ƙafa kaɗan. Can gaba ta rage gudu ta tambayi wani dattijo mai fasa itace ko za ta iya jingina da nasa. Ya ce bismillarsa da hannu, ya karɓi igiya. Ta ɗauki hoton jirgin da gadar da ke kusa, don in an tashi lissafin tafiyarta tana da shaida.

Muna shan shayi ta zana mana shekararta. Asibitinta a gabashin birnin yake. Watannin da take Hackney, keke ya ishe ta. Amma dole ta haura Lee har wajen Hertford, ko ta ratsa birnin ta yi yamma wajen Uxbridge, a lokacin kuma sai ta tashi da duhu ta nemi jirgin ƙasa. Wasiƙunta gidan ƙanwarta suke zuwa. Masu yara 'yan makaranta, in ji ta, su ne abin tausayi, tunda makaranta ba ta bin jirgi. Akwai rangwame ga mara lafiya da mai ciki da wanda injinsa ya lalace, in ya sanar, da hunturu kuma ana sayar da izinin zama na 'yan watanni a wasu wurare. Ɗan yayata ya yi tsit. A hanyar komawa na ce, "To, ɗana, yaya?" Ya ce, "Kawu, bari dai in ga hunturu tukuna."

Rigimar ba ta ɓoye ba ce. Ƙungiyar National Bargee Travellers Association, wadda aka kafa a 2009 don kare masu zama a jirgi ba maɗauri, tana zargin cewa a hankali ake rage wuraren da talaka zai ɗaure kyauta, ana mayar da su na kuɗi. A 2021 sun yi jerin gwanon jirage a kan shirin hana ɗaurewa a wasu sassan Lee, wanda gidauniyar ta ce don kare masu wasan tseren kwale-kwale ne. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗora wa marasa maɗauri ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin lasisi, da shirin ya kai kashi 25 a 2028. Lasisin siririn jirgi mai matsakaicin tsawo dama ya haura fam 1,000 a shekara.

Ita ma gidauniyar tana da abin faɗa, kuma ba ƙarya take ba. Gadoji da ƙofofi da madatsun da take riƙo sun tsufa. A 2019 madatsar Toddbrook ta fara zaizayewa, sai da aka kwashe mutane kimanin 1,500 daga garin Whaley Bridge. A 2023 gwamnati ta sanar za ta rage tallafin da take ba ta daga 2027. Masu gidajen bakin ruwa suna kukan hayaƙi da ƙarar janareta. Wanda ya tuƙo jirginsa tun daga arewa don ya ga Landan yana isowa ya rasa inda zai tsaya. Gaɓa ta kowa ce, in kowa ya kafe a inda ya ga dama, hanya ta zama unguwa.

Ni dai, bayan na ji ta bakin kowa, ban ga laifin ƙa'idar kwana 14 ba. Ita ce ta sa ma'aikaciyar jinya take iya kwana mako biyu a Little Venice, inda gidajen gefen ruwan sai attajirai. Abin da bai kwanta mini ba shi ne a bar nisan tafiya ba a rubuce a doka ba, ya zama wanda ke karɓar kuɗin lasisi shi ne mai fassarawa, shi ne kuma mai hukunci a matakin farko. Mutum ya kamata ya san iyakar da in ya tsallake zai rasa gidansa, majalisa ce kuma ya dace ta shata ta. Ƙarin kuɗin nan ma ya faɗa ne a kan waɗanda suka fi kowa ƙarancin hali a bakin ruwan. Amma duk wanda ya ɗora wa gidauniyar laifin gaba ɗaya ya yi mata rashin adalci. An kafa ta ne don ta kula da hanyar jirage, sai ta wayi gari tana riƙe da mutanen da tsadar gidajen Landan ta koro, ba ta da kuɗin hukumar gidaje, ba ta da ikonta.

Ga 'yan'uwa masu zuwa karatu ko aiki Ingila, waɗanda suka ga hoton jirgi mai furanni a Facebook suka fara lissafin kuɗin hayar da za su tsira da shi: kafin ku ba da ko fam ɗaya, ku sa masani ya fito da jirgin tudu ya auna kaurin ƙarfensa, ku kwana a cikin irinsa a watan Janairu, sannan ku buɗe taswira ku auna mil 20 daga ƙofar wurin aikinku.